Zurmi: Hanyar Lafiya, A Bi Ta Da Keke

Maganar keke zan yi a wannan makon, da kuma hanyoyin da keke ke bi a ƙasar Zurmi da maƙwabtanta, Ƙauran Namoda da Shinkafi. Na san tun daga nan akwai wanda zai yi tsaki ya ce, mutane suna kwana a daji a hannun 'yan bindiga, gonaki sun gagari masu su, wa ke da lokacin zancen keke? Tambayar tana kan hanya, kuma ba zan kauce mata ba. Roƙona shi ne a bi ni sannu zuwa ƙarshe, domin ina ganin 'yar siririyar turbar nan da ke fita daga bayan gari, ta ratsa gonaki ta shiga daji, tana cikin manyan abubuwan da aka ƙwace mana, kuma tana cikin waɗanda za su iya ɓace mana har abada idan ba mu farga tun yanzu ba.

Bari in fara da wata ƙasa mai nisa, sannan in dawo gida. A inda iyakokin Jamus da Beljiyam da Luksambag suka haɗu akwai wani yanki mai tuddai da dazuzzuka da ƙananan ƙauyuka, wanda ake kira Ardennes ta ɓangare ɗaya, Eifel ta ɗaya ɓangaren. A shekarun 1880 aka shimfiɗa layin dogo a cikinsa, mai suna Vennbahn, don jigilar kwal da ƙarfe. Da zamani ya juya jiragen suka daina bi, layin ya kwanta. Hukumomin yankin ba su bari an yanka filinsa an sayar ba. Gyara shi suka yi, aka zuba kwalta, a shekarar 2013 aka buɗe shi a matsayin hanyar keke mai tsawon kilomita 125, daga birnin Aachen na Jamus zuwa Troisvierges a Luksambag. Kusan dukkan hanyar mota ba ta hawa. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsini, masu ginin farko sun bi da layin ta gefen tuddai, hawansa bai cika wuce mita biyu a kowace mita ɗari ba. Saboda haka tsoho da yaro duk suna iya tuƙa keke a kai ba tare da sun galabaita ba. Mutanen ƙauyukan da ke kan hanyar kuma suna samun abin sawa a bakin salati: wannan yana sayar da abinci, wancan yana ba da masauki, wani yana gyaran keke.

Abin da ya fi jan hankalina game da wannan hanya shi ne tarihin dajin da ta ratsa. A watan Disamba na 1944 da Janairu na 1945, a cikin wannan dajin aka gwabza ɗaya daga cikin mafiya munin faɗace-faɗacen Yaƙin Duniya na Biyu tsakanin Jamus da Amurka. Garin St. Vith, wanda hanyar keken ke bi ta cikinsa a yau, kusan baje shi aka yi da bama-bamai. Bayan yaƙin kuma iyakar ta zama dandalin 'yan fasa-ƙwaurin kofi, ana harbe-harbe tsakaninsu da jami'an kwastan. Wanda ya ga wurin a waɗannan shekaru ba zai yarda cewa wata rana iyaye za su riƙa kai 'ya'yansu shan iska a can ba.

Ba su kaɗai ba ne. Yankin Waloniya na Beljiyam ya fara irin wannan aiki tun 1995, yana mayar da tsofaffin layukan dogo da hanyoyin bakin kogi na masu keke da masu tafiya a ƙasa, har tsawonsu ya haura kilomita dubu. A Amurka, wata doka ta 1983 ta ba da damar a riƙe filin layin dogon da aka daina amfani da shi a matsayin hanyar keke, da sharaɗin duk ranar da aka buƙaci mayar da jirgi, filin yana nan ba a taɓa shi ba. A nan Afirka, Ruwanda, ƙasar tuddai wadda ta ga kisan ƙare-dangi a 1994, ta buɗe wata hanya mai kilomita 227 a gaɓar tafkin Kivu a 2011, daga Rubavu zuwa Rusizi, wadda masu keke da masu tafiya a ƙasa ke bi. A watan Satumba na 2025 kuma birnin Kigali ya karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko da aka yi ta a wannan nahiya.

To, mu dawo gida. Abin da waɗancan ƙasashe ke kashe maƙudan kuɗi su gina, mu gadonsa muka yi. Ƙasar Zurmi cike take da hanyoyin da mota ba ta taɓa hawa ba. Akwai gwadabe, tsohuwar hanyar fatake da ke haɗa gari da gari. Akwai turba, wadda ƙafar mutane da kofaton jaki suka fitar tsakanin ƙauye da gona, ko ƙauye da kasuwa. Akwai burtali da labi, inda shanu ke bi daga makiyaya zuwa mashaya. Titin mota ƙwaya biyu ne manya a yankin: wanda ya taso daga Ƙaura ya bi ta Zurmi ya nufi Jibiya, da wanda ya bi ta Moriki ya tafi Shinkafi. Duk sauran zirga-zirgar mutanen Dauran da Kwashabawa da Mashema da Rukudawa da Mayasa da Birane, a kan waɗannan ƙananan hanyoyi take. Ta gabas kuma ga babban gandun dajin Zamfara da aka keɓe tun zamanin Turawa, mai duwatsu da ƙoramu, wanda ƙauyuka irin su Dumburum suke a tsakiyarsa. Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ta waɗannan hanyoyi gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa fitowa daga lungu, a kan jaki da raƙumi, kafin su hau jirgi.

Mu da muka taso a wannan yanki mun tarar da zamanin da keke ke da daraja. Dokin ƙarfe ake ce masa. Malamin makaranta a kansa yake zuwa aiki, haka malamin gona, da duba-gari, da masinjan alƙali, da ɗan koli mai bin kasuwannin ƙauye. Wanda ya sayi sabon Raleigh, irin wanda ake harhaɗawa a Kano, sai an zo an taya shi murna, ya naɗe ƙarfen da roba mai launi, ya goge shi kullum safe. A zamanin En'e har lasin ake yanka wa keke. Yara kuwa a wurin mai hayar keke suke koyon tuƙi, su tara 'yan kuɗinsu su hau na ɗan lokaci, su faɗi su tashi. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya shigo da sauƙin kuɗi. Keke yana da maƙiya biyu a ƙasarmu: yashi da ƙaya. Idan ka iso gulbin Bunsuru ko Gagare da rani, dole ka sauka ka tura. Idan tsidau ya huda maka taya, sai ka nemi inuwar tsamiya ka yi faci. Amma ban da waɗannan, mutum yana ɗaura buhun gero a kariya, ya yi sallar asuba a gidansa, ya ci kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ya kwana a gida. Tafiyar da mai ƙafa zai yi cikin sa'a uku, mai keke yana yin ta cikin sa'a ɗaya, bai sayi mai ba, bai biya kowa ba.

Abubuwa uku ne suka raba mu da wannan hali, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne babur. Da babura masu araha suka cika kasuwa, ga man fetur da tallafin gwamnati, sai kabu-kabu ya shiga kowane lungu, keke ya koma abin hawan wanda ba shi da hali. Masu gyaransa suka canja sana'a, kayan gyara suka yi wuya a kasuwannin ƙauye. Na biyu shi ne cin hanya. Jama'a ta ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Kowace damina manomi ya ƙara kunya ɗaya ko biyu a cikin burtali, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma wadda saniya biyu ba sa jerawa. Manyan mutane kuma suka riƙa samun takardun manyan gonaki a cikin gandun daji da makiyayu, duk da dokar keɓe wuraren kiwo da gwamnatin Jihar Arewa ta yi tun 1965. Duk wanda ya bi asalin rikicin Zamfara da adalci ya san cewa toshe burtali yana cikin abubuwan da suka hura wutar, ko da yake ba shi kaɗai ba ne, kuma ba hujja ba ce ga mai zubar da jini.

Na uku shi ne bindiga. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Muhammad Dahiru Abubakar, ya ba da rahoton cewa daga 2011 zuwa 2019 an kashe mutum fiye da 6,000 a jihar, an raba fiye da 190,000 da gidajensu. Mutanen Zurmi ba sa buƙatar a tuna musu abin da ya faru kusa da Birane a watan Fabrairu na 2018, lokacin da aka tare matafiya a hanya aka kashe mutane da dama. Abin lura shi ne, a kan waɗannan ƙananan hanyoyi ake wannan yaƙi. Ɗan bindiga ba ya buƙatar kwalta. Babur ne dokinsa, turba da burtali su ne titinsa. Shi ya sa matakan hukuma suka riƙa faɗawa kan babur: sojoji sun hana hawansa a dazuzzukan jihohin arewa maso yamma a 2019, a watan Satumba na 2021 kuma gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya. Ɗan bindiga ya samu hanyar da yake samun mansa, talaka shi ne ya koma tafiya a ƙasa. Sai ga janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023: litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000. Mutane da yawa sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Keken ya dawo, amma hanyar da zai bi tana hannun wasu.

Kada mu ɗauka wannan ne karo na farko da hanya ta gagara a wannan ƙasa. Baturen nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya bi ta Zurmi a 1824 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, kuma sai da rakiyar mahaya ya ƙetare dajin Gundumi. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, shi ma ya bi ta Zurmi a 1853 daga Katsina. Saboda tsoron harin Gobirawa, shi da ayarinsa sun yi tafiyar sa'a 26 a cikin Gundumi ba su yada zango ba. Wannan dajin dai daga baya aka ratsa shi da titin mota, mutanen Isa da Shinkafi suka yi shekaru suna bin sa dare da rana zuwa Sakkwato, kafin ya sake zama abin tsoro a zamaninmu. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, hanya takan rufe ta kuma buɗe. Wannan musiba ma in Allah Ya yarda za ta wuce. Tambayar ita ce, ranar da ta wuce, za mu tarar da hanyoyin suna nan?

Kafin in amsa, bari in faɗi dalilin da ya sa na zaɓi keke a kan sauran ababan hawa. Keke ba ya ƙarya game da tsaro. Babban mutum yakan ratsa daga Gusau zuwa Zurmi da motocin sojoji gaba da baya, ya dawo ya gaya wa 'yan jarida cewa hanya lafiya lau. Direban haya yakan jira a taru a yi jerin gwano, ya taka mota iya ƙarfinta, ya tsira. Mai keke ba shi da gudun tsira, ba shi da rakiya, ba shi da ƙarfen da zai ɓoye a ciki. Idan ya fita, amincin hanyar kaɗai ya dogara da shi bayan Allah. Saboda haka ga ma'aunin da nake ba duk wanda zai ce mana zaman lafiya ya dawo: malamin firamare ya bar garin Zurmi bayan asuba a kan kekensa, shi kaɗai, ya je ƙauyen da yake koyarwa, ya dawo kafin magariba, ya yi haka zangon karatu guda cur, bai biya kowa kuɗin wucewa ba, matarsa kuma ba ta tsaya a ƙofar gida tana leƙen hanya ba. Sulhun da manomi zai tara kuɗi ya kai daji kafin a bar shi ya yi shuka, ya sake tarawa kafin a bar shi ya girbe, bai ci wannan jarrabawa ba, komai sunan da aka ba shi.

Yanzu ga inda hatsarin yake. Turba ba takarda gare ta ba. A ƙafar mutane take rayuwa, da kuma ƙwaƙwalwar dattawa. Ƙauyen da aka watse aka bari shekara biyar, sabara da geza sun rufe hanyoyinsa, zaizayar ruwa ta cinye wasu. Dattawan da suka san cewa burtali ya bi ta gindin waccan kuka ya sauka mashaya kaza, wato masu unguwanni da sarakunan noma da arɗaɗɗai, wasu an kashe su, wasu suna gudun hijira a Ƙaura da Gusau da Jibiya, tsufa kuma yana ɗaukar sauran. Ranar da mutane suka koma, kowa zai ja iyakar gonarsa inda ya ga dama, mai ƙarfi ya haɗa da hanya. Daga nan sai shanu su rasa wurin bi, mu koma inda muka fito. Shi ya sa nake ganin aikin ba na gobe ba ne. Akwai abubuwa huɗu da za a iya farawa a yau, ba tare da an tura ɗan kowa cikin daji ba.

Na farko, a rubuta hanyoyin. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda, ga Jami'ar Tarayya a Gusau, cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. A zauna da dattawan kowace gunduma a inda suke, manoma da makiyaya tare, a buɗe musu hotunan tauraron ɗan'adam a kwamfuta, su nuna inda kowace turba da kowane burtali suka bi, da sunan kowace mashaya da kowane mararraba. Tsofaffin taswirorin ma'aikatar safiyo da na gandun daji za su taimaka wajen tantancewa. A buga abin da aka samu, a ajiye kwafi a fadar sarki, da sakatariyar ƙaramar hukuma, da ma'aikatar filaye. Wannan zama kansa magani ne, domin ya daɗe rabon da Bahaushe da Bafulatanin yankin su zauna a tabarma ɗaya kan wani abu da ya shafe su duka.

Na biyu, a ba hanyoyin kariyar doka. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da filayen karkara. Majalisar dokokin jiha tana iya yin doka cewa duk hanyar da ta shiga wannan rajista ta zama ta jama'a, da faɗinta a rubuce, babu mai ikon bayar da ita ko shuka a cikinta, kuma duk takardar da ta hau kanta ba ta da inganci. Haka nan filin da ke gefen layin dogo daga Gusau zuwa Ƙaura. Kada a fahimce ni baibai: ban ce a cire digar jirgi ba. Mutanen Ƙaura jirginsu suke so ya dawo, ni ma haka. Abin da nake cewa shi ne dabarar nan ta Amurka: filin da mutane ke bi kullum da keke da ƙafa ya fi wuyar sacewa a kan filin da aka bari ciyawa ta rufe.

Na uku, a fara ƙananan ayyuka daga bakin gari, inda jami'an tsaro ke iya gani. Hanyar keke ba ta buƙatar kwangilar biliyoyi. Faɗin mita biyu ya isa. Abin da take so shi ne burji a inda yashi ya yi yawa, kwalbati a inda ruwa ke yankewa da damina, da sare ƙaya a gefe. Wannan aiki ne da matasan gari za su yi da hannu a biya su, kuɗin ya tsaya a garin. A fara da kilomita uku ko biyar daga Zurmi, da Moriki, da Shinkafi, da Ƙaura, zuwa unguwanni da makarantun da ke kewaye, a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda tsaro ya samu. Zamfara tana cikin jihohi 11 na shirin dasa katangar itatuwa don tare hamada, tana kuma cikin shirin ACReSAL da Bankin Duniya ke tallafawa. Maimakon a dasa itatuwa a fili a ɗauki hoto a tafi, a jera su a gefen waɗannan hanyoyi: dogon yaro, da tsamiya, da ɗorawa. Za su ba matafiyi inuwa, su kuma zama shaidar iyaka da ba a gogewa da garma.

Na huɗu, a mayar wa keke mutuncinsa. Da gwamnatin Borno ta hana babur a Maiduguri a 2011, keke ne ya ɗauki ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa, har ya zama ba abin kunya ba ne. A jihar Bihar ta Indiya, gwamnati ta fara ba 'yan matan da suka shiga babbar sakandare kuɗin sayen keke a 2006, kuma binciken da masana tattalin arziki suka yi ya nuna cewa shigarsu makaranta a kan kari ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. A wurinmu, 'yan siyasa sun saba rabon babura, alhali kuɗin babur ɗaya zai sayi kekuna da yawa, kuma wanda aka ba keke ba zai dawo gobe yana roƙon kuɗin mai ba. A ba ɗaliban da ke zuwa daga nesa, da malaman ƙauye, da ma'aikatan rigakafi. A koya wa matasa gyara, a sa kaca da taya da birki su samu a kasuwa. Na tuna yadda aka yi ta yi wa marigayi Ojo Maduekwe dariya lokacin da yake ministan sufuri a zamanin Obasanjo, da ya ce a koma hawan keke, musamman bayan da mota ta ture shi a Abuja. Amma hatsarin nasa hujja ce a kan abin da nake faɗa: keke yana buƙatar hanyarsa daban da ta mota.

Wani zai ce, idan aka gyara waɗannan hanyoyi, ai 'yan bindiga aka sauƙaƙa wa. Wannan magana ce mai nauyi, shi ya sa na ce a fara daga bakin gari, a tafi da shawarar jami'an tsaro. Amma mu tuna, ɗan bindiga bai taɓa jiran a gyara masa hanya ba. Yashi da kwazazzabo ba su hana shi zuwa ba, mu suka hana gudu, suka kuma hana agaji isowa. Hanyar da babu kowa a kanta ita ce tasa. Wadda mutane ke bi safe da yamma, idanu suna kanta, labari yana saurin isa gari. Kuma ina so in faɗa da babbar murya, don kada wani matashi ya karanta wannan ya ɗauki zuga: ban ce kowa ya hau keke ya nufi Dumburum gobe ba. Wanda ya yi haka a yau ya jefa kansa cikin halaka.

Idan Allah Ya kawo lokacin, akwai abin gani a ƙasar nan da ya isa a yi tattaki dominsa. Ga Dutsi a cikin ƙasar Zurmi, inda tarihi ya ce nan Zamfarawa suka fara kafa mulkinsu, yau ɗalibai nawa ne a Gusau suka taɓa ganin wurin? Ga hanyar da Barth ya bi, ga tsohuwar tashar jirgi a Ƙaura, ga fadamun Shinkafi da kaka. Ba Turawa masu yawon buɗe ido nake hange ba tukuna. 'Ya'yanmu nake hange, waɗanda aka haifa cikin wannan fitina, waɗanda ba su san daji da komai ba sai wurin da ake kai mutum a nemi kuɗin fansa. Ina so wata rana malami ya ɗebi 'yan ajinsa a kan kekuna, su huta a gindin kanya, ya nuna musu marke da ƙirya da kalgo, su san cewa wannan dajin na kakanninsu ne.

Kira na ga masu martaba sarakunan yankin, da shugabannin ƙananan hukumomin Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda, da 'yan majalisarmu na jiha, da malaman manyan makarantunmu. Yaƙi da 'yan bindiga aikin masu ɗamara ne, muna kuma yi musu addu'a. Rubuta hanyoyin kakanninmu da tsare su kuwa aikinmu ne, ba ya buƙatar izini daga Abuja, kuma kowace shekara da ta wuce muna binne wasu daga cikin waɗanda suka san su. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Sai dai kafin a bi ta, dole ta kasance tana nan.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.